Hular Taubashina

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba, mu bakwai ne a gida, a wani ƙauye kusa da Cadawa. Rumbu ya ƙare da wuri. Mun ci dusa, mun tona gidan tururuwa, daga baya muka koma cin anza, ƴaƴan itacen nan da sai an jiƙa kwana da kwanaki ɗacinsu ke fita. Ƴar autata, mai shekara uku, cikinta ya ƙi anza. Abin da ta haɗiye sai ya dawo.

Na kai akuyar da ta rage kasuwar Cadawa, ba wanda ya taya. Ina tsaye mota ta tsaya gabana. Taubashina ne, ɗan kawuna, wanda ya yi arziki da jigilar kaya a Maradi. Tun muna yara ba mu taɓa yin maganar hankali ba. Haka ake tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, zagi da tsokana, kuma ba a fushi.

"Kai bawana! Wa ya tsotse ka haka?" in ji shi.

"Yunwa, Alhaji."

"Dā ma kai ba ka taɓa ƙoshi ba. Shigo. Na sayi sabon kamiyo na ɗaukar kaya, za mu Yamai shan iska da abokai. Zo ka ba mu dariya."

Ban iya roƙo a tsakiyar kasuwa ba. Na ce a raina, a hanya zan gaya masa. Na ba maƙwabcina akuyar, da saƙo ga matata cewa kwana biyu zan yi.

Otel ɗin da muka sauka a Yamai yana bakin kogi. Ɗakin da aka ba ni akwai sanyi kamar cikin randa, gadon kuma ya yi mini laushi, a ƙasa na kwanta. A tsakar gidan an gina tafki, ruwansa shuɗi, manyan mutane na wanka ciki don nishaɗi. Mu a lokacin matanmu na wuni bakin rijiya kan tulu ɗaya. Aka kawo kaji da shinkafa. Na ci, na sake ci. Burodi kuwa cikin aljihu nake tura shi.

A wajen cin abincin na ce, "Alhaji, gidana ba hatsi."

"Kun ji shi? Da cinyar kaza a hannu yake kukan yunwa!"

Abokansa suka kwashe da dariya. Ɗaya har da tafa mini.

Washegari bayan sallar asuba na same shi shi kaɗai. Na ce, "Ƴar autata ba ta iya tashi."

"Lalacinka ta gado," ya ce, ya buga mini kafaɗa ya wuce.

Ba mugu ba ne. Komai ya fito daga bakina wasa yake ji, don abin da ya saba ji ke nan shekara talatin.

Rana ta uku da la'asar suka shiga ɗakin caca, na bi su. Ba taga ko ɗaya. Akwai wani faifai da ake juyawa, ɗan ƙwallo na zagaya shi, mutane na ɗora wasu ƴan abubuwa masu launi kamar manyan maɓallai. Alhaji ya ce kallo kawai zai yi. Can sai ga shi yana ɗorawa. Na tambayi wani ma'aikaci mai jin Hausa abin da ja guda ɗaya zai saya. Ya dube ni, ya ce buhun hatsi, har da saura. Ina kallo ƙwallon ya tsaya, wani mutum ya sa sanda ya janye na Alhaji duka. Alhaji ya yi tsaki yana murmushi.

Na miƙa hannu na cire masa hula.

A cire wa magidanci hula cikin jama'a ba ƙaramin abu ba ne. Taubashi kaɗai ke yi ya kwana lafiya, kuma sai an fanshe ta da abin da ya yanka. Masu gadi suka taso.

"Ku bar shi, bawana ne," in ji Alhaji. "To ɓarawo, faɗi. Goro? Turare?"

"Buhu uku na hatsi. Da mota, yanzu."

"Buhu uku! Kan nawa ma bai kai haka ba!"

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na riƙe hular da hannu biyu. Na ce, "Ɗan kawu." Ban taɓa kiransa haka ba.

Ya dube ni sosai, wuyana, hannuwana, aljihun da ya kumbura da burodi.

"Da gaske kake?"

"Kwana uku nake gaya maka."

"To me ya hana ka..." Bai ƙarasa ba. Ya aika a kira direbansa.

Muka kama hanya nan take. A Maradi aka buɗe sitonsa aka ɗora buhunan. Na isa gida washegari da azahar. Matata ba ta yi mini sannu da zuwa ba. Wuƙa ta ɗauko ta farke bakin buhu, ta zuba a turmi. Aka dama kunu mai ruwa-ruwa. Na ɗora yarinyar kan cinyata, ba nauyi, kanta na langaɓewa. Ludayin farko ya zubo ta gefen bakinta. Na biyu ma haka. Na uku ta haɗiye, muka zauna muna jira. Bai dawo ba.