Shatin Yatsa a Bututu na Bakwai

Mai Safa muke kiransa, domin kullum yana sanye da safar hannu, shekara ashirin da shida ba wanda ya taɓa ganin tafin hannunsa a wurin aiki. Matarsa ta ce ko cokali zai ɗauka a gida sai ya yi masa kallon tuhuma.

Aikinsa wanke bututu. Injinmu dogon bututun ƙarfe ne da aka harhaɗa guntu-guntu aka naɗe kamar zobe, aka zuƙe iskar cikinsa kaf, ƙwayoyin lantarki suna tsere a ciki. Duk inda suka sha kwana sai su watsa haske mai ƙarfi a jikin ƙarfen, hasken kuma ya taso da duk iskar da ta maƙale a bango. In iskar ta yi yawa, tseren ya mutu. Ni ne mai zama gaban ma'aunin iskar, kullum a idona ake yi.

"Ƙanena," yakan ce min, "maiƙon yatsa ɗaya ya isa ya hana mu aiki wata guda."

Bana, bayan gyara, ma'aunin bututu na bakwai ya ƙi sauka. Sauran duk sun lafa cikin kwana biyar kamar yadda aka saba, shi kuwa da an kunna sai allura ta haura. Shugaban sashe, wanda ba ya son dogon bincike, ya ce walda ce ke yoyo, mai walda ya tattara kayansa ƙarshen mako. Mutumin wata uku kacal da kama aiki, ga iyali. Na ce yoyo ba ya jiran a kunna haske, amma ba a saurare ni ba.

Ranar Laraba Mai Safa ya shigo taron safe, ya tsaya bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, a ƙyale mai walda. Safata ce ta yage ranar haɗawa, na dafa cikin bututun. Na goge, na ce ya isa, alhali na san bai isa ba. Shekara guda ke nan hannun nan yana rawa ina ɓoyewa."

Tausayinsa ya kama ni har na kasa ɗaga kai.

Aka buɗe bututun, aka wanke, aka gasa shi don ya saki sauran iskar, allura ta sauka. Mai walda ya ci gaba da aikinsa, Mai Safa ya ajiye aiki da kansa. Ranar tafiyarsa ya zare safar dama ya miƙo min hannu. Tafin laushi kamar na jariri, yana ta rawa. Na riƙe shi da hannu biyu.