Hannun da Ya Daina Jin Zafi

Maigidana bakanike ne, shekara talatin yana wannan sana'a. A gareji Kunne suke ce masa, don mota na shigowa zai faɗi ciwonta tun direba bai kashe ta ba. Sai kamfanin da yake wa aiki ya koma motocin lantarki, waɗanda ko tari ba sa yi. Aka sallami tsaransa ɗaya bayan ɗaya, ya rage shi kaɗai, kullum gabansa na faɗuwa.

Ranar da na kai masa abincin rana na same shi durƙushe gefen wata farar mota, gumi ya jiƙa masa riga. Da ta ɗan yi tafiya sai ƙarfinta ya mutu, allon gaban direba ya nuna wai inji ya yi zafi. Manaja, wanda ko sifana bai iya riƙewa ba, ya ba shi zuwa tashi daga aiki: ko ya gano matsalar, ko ya tattara kayansa.

Shi zarginsa, injin lafiyarsa ƙalau, 'yar na'urar da ke auna zafin ce ke sharara ƙarya. To, ta yaya zai tabbatar? Kwamfutar gareji abin da na'urar ta faɗa take maimaitawa. Hannunsa kuwa ƙuna ta gama da shi tuntuni, ba ya jin zafi. Mutumin da ke sauke mini tukunya daga wuta ba tsumma, ina ta faɗa yana dariya.

Ya zagaya da motar, ya dawo, ya kashe ta, ya waiga ko ana kallonmu. Sannan ya ce, "Uwargida, don Allah taɓa nan. Da zafi?"

Na ɗora bayan hannuna a jikin ƙarfen injin. Ɗumi ne kawai, ko kunun goyo ya fi shi. Na gaya masa, raina a ɓace, tausayinsa kuma kamar ya kashe ni.

Ya bi siririyar wayar na'urar har inda aka haɗa ta, ya iske tsatsa ta cinye wurin. Ya kankare, ya mayar, ya sake zagayawa. Mota ta tafi sumul. Manaja ko sannu bai ce ba, sai cewa ya yi gobe za a kawo wasu uku, a gani ko ba sa'a ce ya taka ba.

Na jira har ya tashi daga aiki, muka kama hanyar gida. Sai a bakin ƙofa ya ce, bai ko dube ni ba, "Gobe ma za ki zo, ko?"