Duwatsun Kakan Kadiri

Idan ka tambayi mutanen unguwar Maamobi ta Accra wane ne Kadiri magini, katanga za su nuna maka. Rabin ɗakunan da aka ƙara a layinsu, daga bakin kwata har tashar motocin haya da ake kira trotro, aikin hannunsa ne. Gajere ne, maganarsa kaɗan, zuciya kusa, kuma bai taɓa yarda wani ya fi shi sanin abin da ya sani ba.

Amma abin da ya fi ji da shi a duniya ba gini ba ne. Can arewa da Accra, tafiyar awa biyu a mota, akwai wani gandun daji mai duwatsu da birai, wanda 'yan Zango, Hausawan birnin, suke kira Dutsen Fatake. Nan masu koro shanu daga arewa suke yada zango na ƙarshe kafin su shigo gari. Kakan Kadiri yana cikinsu. Shi ya jera ƙananan duwatsu arba'in da ɗaya a gindin wata kuka, ya fitar da ɗan lungu ta gabas inda liman zai tsaya, wuri ya zama masallaci. Ba rufi, ba bango, damina ɗaya ta isa ciyawa ta haɗiye shi. Shekara talatin Kadiri yana ɗaukar addarsa ya je ya share, ya yi salla, ya dawo. Bai taɓa neman a gode masa ba. Ko kuma a ce, shi ma bai san yana nema ba sai bara.

Bara ne masu kula da gandun suka tashi gyara wurin saboda masu yawon buɗe ido: hanyar katako, rumfar hutawa, famfo, banɗaki, da allunan bayani. Shugabar aikin, wata Madam Akweley, ta dage ba za a taɓa kayan tarihi ba. Har Maamobi ta zo neman wanda ya san labarin wurin. Dattawan unguwa suka duba dama da hagu, suka nuna mata Zulkarnaini.

Zulkarnaini fa! Tsohon malamin makaranta, abokin Kadiri tun suna tsallake kwata ba takalmi. Turanci na zuba daga bakinsa kamar famfon da ya lalace. Sau ɗaya tak ya taɓa zuwa Dutsen Fatake, shekara ashirin da suka wuce, Kadiri ne ma ya kai shi, kuma ya ƙare yinin yana kare kwanon abincinsa daga birai. To shi aka sa a kwamiti. Shi mota mai tambari take zuwa ɗauka. Shi yara suka fara kira Baba Tarihi.

Abin ya ci Kadiri. Kishi ne tsagwaronsa, ba sai an nema masa wani suna ba. Ya rataye adda, ya ce ba zai sake zuwa sharar ba.

"Su share da Turanci," in ji shi.

Ana haka wata ranar Asabar da hantsi, Zulkarnaini ya yi sallama da doguwar takarda a hammata.

"Chale, abokina, duba mini wannan. Ni Turanci na iya, zanen gini kai ne. Madam ya ce in nuna wa manya."

Kadiri ya shimfiɗa takardar a kan benci. Kallo ɗaya ya yi ya gane. Akwai wani zagayen manyan duwatsu a saman tudu, wanda ko makaho zai yi tuntuɓe da shi, inda fatake suke kulle maruƙa. Wannan wurin ne Zulkarnaini ya nuna wa masu awo a matsayin masallaci. An zagaye shi da jan layi, za a yi masa shinge da allo. Gindin kuka kuwa, inda ciyawa ta rufe ainihin masallacin, an zana wani ɗan akwati mai ƙofa huɗu. Banɗaki.

Ya tsorata. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani daɗi, mai ɗumi, irin wanda bai ji ba tun da aka fara wannan harka.

"Yaya ka gani?" Zulkarnaini ya tambaya.

"Zane ya yi kyau," Kadiri ya ce, ya naɗe masa takardarsa.

Ya riga ya shirya abin da zai yi. An ce ƙarshen wata za a kwashi dattawa a kai su su sa wa aikin albarka. Ran nan zai bar Baba Tarihi ya gama zuba Turancinsa a cikin garken maruƙa, sannan ya fito, ya yi sara uku da adda, ya nuna wa Madam da limamin unguwa da kowa inda gaskiya take.

Da ya gaya wa matarsa Sanatu, ta ajiye ludayin kokon da take sayarwa ta dube shi.

"Baban Azara, wannan ba daidai ba. Mutumin ya zo har gida ya tambaye ka. Je ka faɗa masa yau."

"Shekara talatin wa ya tambaye ni? Sati uku ba zai kashe su ba."

Kowane lebura a Accra ya san cewa idan za a yi aiki a daji, banɗaki ake fara ginawa, don ma'aikata su samu inda za su kewaya. Kadiri ya fi kowa sani, ya yi hakan ba sau ɗaya ba. Amma kansa ya cika da shirin jawabi, abin bai ko faɗo masa ba sai ana saura kwana huɗu. Yana cikin ɗora bulo a unguwar Kotobabi tunanin ya zo masa. Ya saki cokalin gini, ya kama trotro da siminti a jikinsa.

Tun daga nesa ya hango gindin kuka fayau. An haƙa rami, an zuba harsashi, bulo ya kai gwiwa. Ya tambayi shugaban leburori ina duwatsun da ke wurin. Mutumin ya yi dariyar jin daɗi, ya ce Allah ne ya kawo musu sauƙi, sun tarar da duwatsu jere a cikin ciyawa, daidai girman da ake so, duk sun shiga kankare.

Zulkarnaini ya gangaro daga tudu da fara'arsa.

"Kadiri! Ka zo? Taho ka ga shingen masallacin kakanka."

"Ga masallacin nan," Kadiri ya ce, ya nuna ramin. "Wancan garke ne."

Zulkarnaini ya dubi ramin, ya dubi kukar, ya dubi gabas. Ya cire tabarau.

"Yaushe ka sani?"

Kadiri ya laluba ƙarya, bai samu ko ɗaya ba.

"Tun ranar da ka kawo takarda."

Da zaginsa ya yi, da ya fi wa Kadiri sauƙi. Amma Zulkarnaini ya zauna a ƙasa da farar rigarsa, ya ce, "Ni jahilci ya sa ni. Kai fa?" Sannan ya tashi ya nufi wajen Madam, don wani dole ya gaya mata.

Azahar ta yi. Kadiri ya yi alwala da ruwan durom ɗin kwaɓa siminti, ya tsaya yana waige-waige, ya rasa inda zai sa ƙafa. Wani lebura ya lura da shi, ya ɗauko buhun siminti da aka juye, ya kakkaɓe, ya shimfiɗa masa a gefen ramin.

"Baba, yi a nan," ya ce. "Ka san ina ne gabas, ko in nuna maka?"