Da Motar Alhaji Zuwa Sunan Richmond

Laurel

Da muka idar da sallar Asuba, ranar wata Asabar ta watan Agusta a 2014, muka fito da Inna, mahaifiyar maigidana, a hankali saboda gwiwoyinta. Jikarta Amina ta haihu a Richmond, ranar ake suna bayan Azahar, kuma Inna za ta koma Kano ran Laraba. In ba ta ga jaririyar ranar ba, sai dai a hoto.

Ba ta iya doguwar tafiya a ƙaramar mota, shi ya sa maigidana, Baban Hanifa, ya aro motar Alhaji Isufu, abokinsa mutumin Maraɗi da ke Bowie. Mota ce mai ɗaki a ciki, da gado da murhu da banɗaki. Inna ta leƙa ko'ina, ta ce in da haka motocin Kano zuwa Legas suke da ba ta tsufa da wuri ba. Na shigar da kulolin masa da miyar taushe. Kusa da sitiyari akwai ɗan allo mai nuna iskar tayoyi shida, biyu gaba, huɗu baya. Alhaji ya ce in ya yi ƙara kada mu yi masa gardama.

Fredericksburg

Mun zagaye Washington kafin cunkoso ya taso, muka hau babban titin kudu. Da hantsi muka tsaya a wurin hutun matafiya, muka karya da shayi. Rana ta fara zafi. Baban Hanifa ya duba allon ya ga lambobin duk sun haura yadda suke da asuba. Ya ce taya ta ɗau zafi, gara ya rage mata iska kafin ta fashe, kamar yadda ake yi a hanyar Kaduna. Inna ta goyi bayansa, ta ce mijinta marigayi Malam haka yake yi wa lorinsa. Ya bi tayoyin da bakin makulli, fus, fus, ya dawo yana goge hannu.

Ba mu yi nisa ba allon ya fara kuka. Ya ce iskar da ya rage ce, ya danna ya kashe ƙarar. Ni ina gefensa da carbi, idona na kan allon. Biyar suna nan yadda ya bar su. Ɗaya, ta baya hagu, tana sauka kamar mai a fitila.

"Baban Hanifa, don Allah ka tsaya. Wannan ɗayar ba irin sauran ba ce."

Bai so ba, amma ya ratse wani gidan mai. Ya harbi tayar da ƙafa, tauri kamar dutse, har ya fara yi mini dariya. Sai da ya durƙusa ya ga ta ciki ce ta kwanta, ƙusa ta shige ta, ta waje ce ke ɗauke da mu ita kaɗai.

Gidan mai

Babu safaya, babu jak da zai ɗaga wannan gida. Inna ta leƙo ta taga ta ce ya taka gaba kaɗan mana, ai ba a rasa mai faci a gindin bishiya. Na ce mata bishiyoyin nan ba kowa a gindinsu.

Muka kira Alhaji. Ya sha dariya, ya ce ba a rage iskar taya mai zafi, in ta huce sai ta zama ba ta isa ba, balle da nauyin masarmu. Ya ba mu lambar masu gyaran taya na kan hanya, suka ce sai mun jira.

Nan Azahar ta same mu. Muka yi alwala a cikin mota muka yi sallah. Inna ta fito da 'yan kunnen da ta kawo wa jaririyar tana jujjuya su. Na juya baya ina ɗumama miya don kada ta ga idona.

Mai gyaran ya iso, wani ƙato mai fara'a. Ya cire tayoyin biyu, ya yi facin, ya mayar wa duka shidan iskarsu. Inna ta sa na ba shi masa uku da zuma. Ya cinye, ya tambaya ko akwai shagon da ake sayarwa.

Richmond

Bayan La'asar muka shiga unguwar. Na ɗauka an watse, sai ga motoci cike da layi. Ashe mijin Amina ya riƙe liman da shayi da hira, ya ce ba za a raɗa suna ba sai mai sunan ta iso. Aka yi addu'a, aka ce Hauwa'u. Inna ta karɓi takwararta ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce:

"Kin ganni, sai da aka yi mini faci a hanya, amma na zo."

Laurel

Lahadi da yamma muka iso gida lafiya, Baban Hanifa yana tambayata lambobin a kowace mahaɗa. Godiya ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu. Alhaji Isufu, Allah Ya saka da alheri, Ya raya Hauwa'u.