Hannun Malam Sabi'u

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina shirin fita aiki labari ya iso min: Malam Sabi'u ya rasu a gida Haɗeja. Sati uku ke nan da tafiyarsa hutu.



Yawancinku kun san shi a matsayin sikuriti a ginin ofishinmu na Bin Mahmud. Kaɗan ne suka san malamin firamare ne kafin ya zo Doha, kuma rubutun nan mai kyau da ke kan katunan bukukuwanmu hannunsa ne.

Ranar da na kama aiki shi ya rubuta sunana a katin shiga. Tsayawa na yi ina kallo. Haruffan suna riƙe da juna, sun ɗan kishingiɗa dama, siriri in biro ya hau, mai kauri in ya sauko. Ƙ ɗin sunana Abdulƙadir kuwa ya ba ta lanƙwasarta cif.

Na ce, "Malam, wannan hannun ya kamata ya shiga kwamfuta."

Ya yi dariya. "Injiniya, kwamfutar da ba ta bambance ɗ da d?"

Haka muka fara. Duk Juma'a bayan masallaci sai in same shi a ɗakinsa a Mesaimeer, shi yana rubutawa, ni ina sikanin, ina ɗaukar hoton haruffan zuwa kwamfuta. Ɓ kaɗai ta cinye mana yamma guda, wai cikinta ya yi girma. Bayan wata takwas muka samu font, wato salon rubutunsa a kwamfuta, da duk haruffanmu masu lanƙwasa.

Don ɗoki, na buga takardar taronmu na Hausawan Doha gaba ɗaya da shi, shafi biyu. Dattawa suka yi ta matso da ita kusa da ido, wani ma ya ninke ya sa aljihu. Kunya ta kama ni.

 Sai da muka fito Malam ya ja ni gefe. "Wannan rubutun na suna ne da gayyata. Layi ɗaya, biyu, khalas, shi ke nan. Ka bar masa fili. Kuma kar ka jera shi da manyan baƙaƙe zalla, haruffan ba za su haɗu ba. Sauran bayani ka sa miƙaƙƙen rubutu."

Font ɗin, kyauta ya ce a bai wa duk mai so. Yau yana kan katin aure da na suna, yana kan takardun shaidar ajin Hausa na 'ya'yanmu, har da kwalayen wata 'yar'uwa mai yin kek.

Wallahi duk inda na gan shi sai na ce, namu ne ya yi wannan.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a bakin teku ne a Al Wakrah, muna shan shayi. Ya miƙo min ambulan, a ciki lambobi ne daga sifiri zuwa tara, abin da ya rage mana ke nan. Ya ce, "Bakwai ɗin ba ta yi min ba. In na dawo zan gyara."

Malam, ta yi. Haka zan saka ta, kuma sunanka font ɗin zai ɗauka.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya bai wa iyalinka haƙuri, ya raya 'ya'yan da ka bari.

Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa Malam Sabi'u a addu'arsa yau.