Layin Gonar Baba Ilu

Wata Laraba da la'asar, shekarar da nake aji biyar a lakwal ɗin Baoudetta, muka kara da yaran wani ƙauyen maƙwabtanmu a gonar Baba Ilu. An gama girbin gero, shanun makiyaya sun cinye karan, saura tushiya jere layi-layi daga wannan gefen fili zuwa wancan. Da hannunmu muka kwashe kashin shanu, muka kafa sanduna. Balo ɗaya ta fata, wato ƙwallo, aka ba makarantun biyu, aka ce wanda ya yi nasara shi zai riƙe ta har damina. Mu da muka girma muna harbin tsumma a cikin safa, ranar ko tuwon kirki ba mu ci ba.

Sun ci mu ɗaya, ana dab da tashi, na tsere da balo ta gefe har kusa da gidansu, na gangara wa abokina Sanusi ita a ƙasa, ya zuba ta ciki. Sai Mushe Hamisu, malaminmu da ke alƙalanci, ya busa, wai satar gida ce, gaba na tura. Raina ya ɓaci. Shi da bakinsa ya koya mana cewa wanda yake daidai da balo ko bayanta bai saci gida ba, kuma ni a kaikaice na bayar. Ga sawun balon a rairayi ya bi layin tushiya ɗaya tun daga ƙafata har ƙafar Sanusi. Na tsuguna a kai na buɗe hannuwa, na ce duk wanda ya taka sai mun daku.

Baba Ilu na gefe yana ɗaure ƙunshin harawa. Ya zo ya duba, ya ce, "Mushe, ni ban san balo ba, amma ni na sari gonar ga da sungumina, kuma layina bai taɓa karkata ba." Mushe ya ce ai ya riga ya busa. Baƙi suka tafi da balo, ni kuma aka ce in ba da haƙuri gaban aji ko in share filin lakwal mako guda. Na ɗauki tsintsiya. Innata ta ce, "Taurin kan nan naka ko jaki sai ya sara maka." Na share kwana bakwai cif, ina kuka wani lokaci, amma ban ce na yi kuskure ba.

Yau gonar ta zama gidaje, Baba Ilu ya rasu, kuma a talabijin na'ura ke zana layi kafin a yanke hukunci. Duk sanda na gani sai in tuna tushiyar nan, kewa ta kama ni. Bara na haɗu da Mushe a kasuwar Tasawa, ya tsufa, yana dogara sanda. Na durƙusa na gaishe shi, ya ƙura mini ido ya yi dariya, ya ce, "Har yanzu kana bisa layin nan?" Na ce, "Ina bisa, Mushe, Allah shi ƙara girma." Girmansa na ba shi duka, amma cin nan namu ne.