Wa Ad Da Gaskiya, Ni Ko Kaka?

Jiya aka fara wasannin fidda gwani na ƙwallon kwando, na kasa kallo. Bara war haka kakana yana da rai.

Muna gindin darbejiya a Tsamaye, yana tufkar igiya, furarsa na ƙamshin citta. Na tura mishi waya. "Kaka, bana wanga mutum ya fi kowa jefa ƙwallo a raga."

Ya ƙanƙance ido. "Amarya, su za su ɗauki kofin?"

"Ko gurbin shiga fidda gwani ba su samu ba."

"To mi yay yi? Mutum ya ɗaure dami ɗari shi kaɗai, gayya ba ta kai hatsi rumbu ba, wa ya ƙoshi?"

Na fizge wayata. "Kai dai ba ka san komai ba sai gero."

Dariya ya yi. "In an gama, zo ki gaya min wa ad da gaskiya."

Na ce za ni zo. Da aka gama, waɗanda sunka ɗauki kofin ba su da gwani guda, miƙa wa juna ƙwallo kawai suke. Ina Sabon Birni ina ta gobe-gobe, aka kai shi makwanci.

Kaka, kai ad da gaskiya. Allah Ya yafe min bakina, Ya sanyaya kabarinka.